Yadda Ake Sa Ƙarfe Mara Nauyi Mai Yawan Alminiyam Ya Lanƙwasu Ba Tare da Ya Tsage Ba

Baƙin ƙarfe na yau da kullum yana da nauyin giram 7.85 a kowane kubik santimita. Duk kashi 1 cikin 100 na alminiyam da aka haɗa masa yana rage nauyin da kusan kashi 1.3, shi ya sa ƙarfe mai alminiyam kashi 9 da manganis mai yawa yake saukowa zuwa wajen giram 6.7. Wannan ragin ne masu ƙera motoci suke bi. Amma ƙarfen yana da gautsi idan ba a san hannunsa ba: gefensa ya tsattsage a bakin rola, ko ya karye ƙaras lokacin lanƙwasa. Mafi yawan wannan gautsi ba daga haɗin yake fitowa ba, daga yadda aka bar ƙarfen ya huce ne. Bayanin nan domin ɗalibi ne ko ma'aikacin ɗakin gwaji a nan Jos da zai sarrafa dunƙule na kilo 2 zuwa 5 ya mai da shi falle. Ba a sayar da irin wannan ƙarfe a kasuwar Dilimi, sai dai ka narka naka ko ka samo samfuri.

Kayan aiki

Tanderun lantarki da zai kai digiri 1200 (duk zafin da ke bayanin nan a ma'aunin Salshiyas ne), da ma'aunin zafi mai waya wanda bakinsa zai taɓa jikin ƙarfen. Ƙaramin injin rola. Rabin duro na ruwa, aƙalla lita 50, a gefen tanderu. Dogon awartaki, giranda, magagari, samfefa daga mai kaushi zuwa mai laushi, ma'aunin kauri, sikeli mai auna giram, mayen ƙarfe mai ƙarfi, da firas ko bayis tare da sanduna masu kauri daban-daban. Idan kai za ka yi narkin, sai ka ƙara tanderun narki na lantarki, kaskon narki na alumina ko magnesiya, tukunyar iskar argon da mazubi na ƙarfe. Safar hannu ta fata, garkuwar fuska da takunkumi mai tace hayaƙi dole ne, domin hayaƙin manganis yana lalata jijiyoyi a hankali.

Na'urar auna tauri da madubin duba ƙwayoyin ƙarfe ba kowa ke da su ba. Cibiyar Bunƙasa Sarrafa Ƙarafa ta Ƙasa tana nan Jos, ita ce wurin da ya dace a fara tambaya. Kafin a kai ga haka, mayen ƙarfe da magagari da gwajin lanƙwasa za su nuna maka abubuwa da yawa.

Mataki na 1: San irin ƙarfen da ke hannunka

Iri uku ne, gwargwadon tsarin ƙananan ƙwayoyin da suka haɗu suka yi jikin ƙarfen, ferait ne ko ostenait ko duka biyu, kuma maganin ɗaya yana iya zama cutar ɗaya.

Na farko shi ne na ferait: alminiyam kashi 5 zuwa 8, manganis kaɗan, kabon kusan babu. Mayen ƙarfe yana kama shi sosai. Na biyu mai gauraye ne, ferait da ostenait tare: alminiyam kashi 3 zuwa 7, manganis 3 zuwa 12, kabon bai wuce rabin kashi ba. Na uku shi ne na ostenait: manganis kashi 15 zuwa 30, alminiyam har zuwa 12, kabon wajen kashi 1. Wannan idan an gasa shi daidai an ba shi ruwa, mayen ƙarfe da kyar yake jan sa, kuma shi ya fi kowanne danƙo.

Idan babu takardar haɗi, gurje fuskar da giranda tukuna sannan ka ɗora mayen, domin fatar waje takan yaudari mutum. Daga nan ka auna gutsure a iska, ka sake auna shi a rataye cikin ruwa. Wanda ya ba da giram 67 a iska da 57 a ruwa girmansa kubik santimita 10 ne, wato 6.7, alamar alminiyam mai yawa.

Abokan gaba uku ne ke kawo gautsi. Babbansu shi ne kaffa-kabaid, haɗin ƙarfe, manganis, alminiyam da kabon. Idan ya fito ƙanana a cikin ƙwayoyi, ƙarfi yake ƙarawa. Idan ya fito manya a kan iyakar ƙwayoyi, abin da ke faruwa in ƙarfe ya daɗe tsakanin digiri 650 da 800, nan tsaga take bi. Na biyu shi ne jeruwar da alminiyam yake yi a cikin ferait idan ya haura wajen kashi 8 zuwa 10, wadda ake kira B2 da D03. Na uku manyan ƙwayoyin ferait ne da suka samu tun wajen zubi, waɗanda ba sa rikiɗa da zafi kamar na baƙin ƙarfe, sai dai su miƙe su zama zirin-zirin a cikin fallen.

Mataki na 2: Narki da zubi

Ɗauki misalin dunƙulen kilo 5 mai manganis kashi 28, alminiyam 9, kabon 0.9. Kana buƙatar manganis kilo 1.4, alminiyam giram 450, kabon giram 45, sauran kilo 3.105 ƙarfe mai ƙarancin kabon. Ƙara kamar kashi 5 a kan manganis da alminiyam saboda abin da zai ƙone.

Kuskuren da sabon hannu ya fi yi yana wajen manganis. Feromanganis, wato haɗin ƙarfe da manganis, mai yawan kabon yana da manganis kusan kashi 75 da kabon wajen kashi 7. In da shi kaɗai ka cike kilo 1.4, za ka zuba kusan kilo 1.87, kabon ɗin ciki ya kai giram 130, kusan ninki uku na abin da ake so. Irin wannan ƙarfe ba gashin da zai gyara shi. Iyakarka giram 640, wanda zai ba da kabon 45 da manganis 480, sauran ka cike da tsantsar manganis.

Kada ka narka fistin mota ko tsohuwar tukunya a matsayin alminiyam. Fistin yana ɗauke da silikon wajen kashi 12, silikon kuwa yana hanzarta fitowar kaffa. Guntayen wayar alminiyam ta lantarki sun fi, tsaftarsu ta kai kashi 99.5, ka saya a hannun dillali na halal, ka zare ƙarfen tsakiya in akwai. Kasko ma kada ya zama mai yashi ko yumɓu, domin alminiyam yana ƙwace iskar oksijin daga silika ya bar silikon a cikin narkin.

Fara narka ƙarfe da kabon (in ba feromanganis ne zai ba da kabon ɗin ba), sai manganis, alminiyam a ƙarshe. Alminiyam yana narkewa tun a digiri 660 kuma ba shi da nauyi, don haka yakan taso sama ya ƙone. Danna shi ƙasa, argon na kwarara a kan narkin. Komai ya zama busasshe ƙarau, ɗigon ruwa a cikin narki fashewa ne. Juya, jira minti 2 zuwa 3 datti ya taso, kwashe, ka zuba a mazubin da aka ɗumama. Kaurin dunƙule kada ya wuce milimita 30. Yanke kan da ya lotsa, ka gurje fuskoki har sai babu rami ko ninki.

Mataki na 3: Gashin daidaita haɗi

Sa dunƙulen a digiri 1150 zuwa 1200 na awa 2, lissafi daga lokacin da jikinsa ya kai zafin. Wannan yana baza manganis da alminiyam da suka taru wuri-wuri, ya narkar da kabaid. Iska tana cinye kabon da manganis na fatar waje ta bar ferait mai gautsi, don haka a saki argon a tanderu. In babu, naɗe dunƙulen da siririn falle na ƙarfe mara tsatsa, ka kuma ƙudurta gurje aƙalla rabin milimita daga kowace fuska daga baya. Kada ka binne shi a gawayi don kare shi: kabon zai shige shi.

Nau'in ferait kada ya wuce awa 1 a 1100 zuwa 1150, ƙwayoyinsa suna saurin girma.

Mataki na 4: Murza da zafi

Daga tanderu kai tsaye zuwa rola. Wucewa biyu na farko su zama masu sauƙi, ragin kashi 10 kowanne, domin ƙwayoyin zubi ba su da juriya. Bayan haka ka ɗaga zuwa kashi 15 ko 20. Daga milimita 30 ana so a sauko zuwa 4.

Dokar ita ce kada ƙarfen ya shiga rola ƙasa da digiri 900. Da ya sauka wajen 950, mai da shi tanderu minti 5 zuwa 10. A ido, muddin yana ruwan lemo mai haske kana cikin iyaka. Da ya koma ja, tsaya. A Jos wannan yana da muhimmanci fiye da yadda ake zato. Da hunturu, tsakanin Disamba da Janairu, iska da sanyin rola suna zuƙe zafin siririn falle cikin daƙiƙu kaɗan, kuma gefe ne ke fara hucewa, shi ya sa tsaga take farawa daga can. Rufe tagogi, ɗumama rola da guntun baƙin ƙarfe mai zafi sau uku ko huɗu kafin ka sa naka, kuma ka jawo tanderu kusa da injin.

Ga nau'in ferait da mai gauraye, juya ƙarfen a gicciye a wasu wucewar farko, muddin faɗin rola zai ɗauka. Yana karya zirin-zirin ɗin nan. In babu rola gaba ɗaya, ana iya buɗa shi da guduma a kan uwar maƙera, bugu mara nauyi, ana yawan mayarwa wuta. Sai dai kaurin ba zai daidaita ba, kuma wutar gawayi tana canza kabon na fatar, dole a gurje sosai.

Mataki na 5: Ban ruwa

Nan ne aikin yake gyaruwa ko ya lalace. Maƙeri ya saba cewa ban ruwa yana sa ƙarfe tauri da gautsi, barin sa ya huce a toka kuma yana sa shi laushi. A nau'in ostenait mai yawan manganis abin a juye yake. Hucewa a hankali ita ce ke ba kaffa lokacin taruwa a iyakar ƙwayoyi. Ruwa ne ke tsallakar da ƙarfen daga digiri 800 zuwa ƙasa da 450 kafin kaffa ya samu zarafi, ya fito da laushi da danƙo.

Bayan wucewar ƙarshe, mai da fallen tanderu a digiri 1050 na minti 30, sannan ka tsoma shi. Daga bakin tanderu zuwa cikin ruwa kada ya wuce daƙiƙa 5. Shigar da shi ta gefe, a tsaye, ba a kwance ba, in ba haka ba zai kantare. Riƙa kaɗa shi a ruwan don tururi kada ya lulluɓe shi, ka kau da fuskarka. Ruwan da ya yi zafi har hannu ba ya jurewa a canza shi. Kada ka yi amfani da baƙin mai, ba ya sanyaya shi da saurin da ake so.

Idan aka ɗauke wuta ƙarfe yana tanderu, kada ka bar shi ciki kana jira. Muddin yana sama da 900, ciro shi ka tsoma. In ya riga ya huce a ciki, bai lalace ba, amma dole a maimaita gashin 1050 daga farko. Wanda ke da janareta ya tayar da shi tun kafin a fara, ya fi kwanciyar rai.

Nau'in mai gauraye yana da nasa hali: ban ruwa daga zafi mai yawa yana iya mai da ostenait ɗinsa ya zama martensait, wani tsarin ƙwaya mai tauri da gautsi, tunda manganis ɗinsa bai isa ya riƙe shi ba. Shi ana gasa shi a 800 zuwa 900 na minti 10 zuwa 20, a sanyaya da sauri, a gwada da magagari. In magagari yana zamewa bai ci ba, ɗumama shi a digiri 400 na rabin awa kafin rola. Nau'in ferait mai alminiyam sama da kashi 7 shi ma saurin sanyaya yake so, don hana jeruwar nan.

Mataki na 6: Share fuska da gyara gefe

Ɓawon wannan ƙarfe yana da alumina, yana kama jiki, asid ba ya cire shi da sauƙi. Giranda da samfefa sun fi, kuma jiƙa shi a asid na dogon lokaci yana cusa masa haidurojin da ke jawo tsagewa daga baya. In dole ta sa aka yi, a gasa shi a digiri 180 na awa 2.

Yanke gefuna biyu, milimita 3 zuwa 5 ko har inda tsaga ta ƙare, ka goge su da magagari ta tsawo, ka ɗan zagaye kusurwa. Tsagar da ba ta kai tsawon ƙwayar gero ba a yanzu, ita ce za ta raba fallen biyu a rola.

Mataki na 7: Murza da sanyi ko da ɗumi

Nau'in ostenait yana murzuwa da sanyi lafiya, sai dai yana ƙara tauri da sauri. Rage kashi 5 zuwa 8 a kowace wucewa, da ɗan mai a fuska. Ƙaramin injin yakan fara nishi wajen ragin kashi 40. A nan sai a gasa a 1000 na minti 10, a ba shi ruwa, a ci gaba. Daga milimita 4 zuwa 1.5 ragin kashi 62.5 ke nan.

Nau'in ferait kada a murza shi da sanyi. Zafin da yake komawa mai gautsi yana kusa da zafin ɗaki, wani lokaci ma sama da shi, safiyar hunturun Jos kuwa takan sauka ƙasa da digiri 15. Ɗumama shi zuwa 200 ko 300 kafin kowace wucewa biyu. Wannan ɗan ɗumi kaɗai yana raba falle mai kyau da tarkace. Kuma ya kamata jimillar ragin ta kai kashi 60 zuwa 70, domin ragi kaɗan ba ya farfasa manyan ƙwayoyi. Duba gefe bayan kowace wucewa, da ka ga tsaga ka tsaya ka goge ta.

Mataki na 8: Gashin ƙarshe

Fallen da ya fito daga rola yana da tauri, ba zai lanƙwasu ba sai sabbin ƙwayoyi sun tsiro. Ga kaurin milimita 1.5: na ostenait 1000 zuwa 1050 na minti 10 zuwa 15, sai ruwa, na ferait 850 zuwa 900 na minti 3 zuwa 5, sai saurin sanyaya, mai gauraye 800 zuwa 880 na minti 2 zuwa 5.

Kada ka gasa duka a karo ɗaya. Yanke gutsure shida, ka gwada zafi uku da lokaci biyu, ka buga wa kowanne lamba. Gashin da bai isa ba yana barin tauri. Wanda ya wuce kima yana girmar da ƙwayoyi, sai ka ga bayan lanƙwasa ya yi gurji-gurji kamar ɓawon lemo. Taurin na ostenait da ya gasu daidai yakan tsaya wajen 200 zuwa 250 a ma'aunin tauri na Vickers.

Mataki na 9: Gwajin lanƙwasa

Yanke ziri mai faɗin milimita 20, wasu ta tsawon murza, wasu ta gicciye. Goge gefe. Lanƙwasa zuwa digiri 90 a kan sanda mai kauri ninki 8 na fallen, sai ninki 4, sai ninki 2, kana duba bayan gwiwar da gilashin ƙara girma. Na ostenait mai kyau yana naɗuwa baki ɗaya a kan ƙaramar sandar ba tare da alama ba.

Karayar kanta tana faɗin laifin. Mai ƙyalli da ƙwaya-ƙwaya, wadda ta bi iyakoki, kaffa ne: koma mataki na 5. Mai faffaɗan fuska mai sheƙi a nau'in ferait, manyan ƙwayoyi ne ko sanyi: ƙara ragi, rage lokacin gashi, lanƙwasa da ɗumi. Wadda ta dare falle-falle ta tsakiyar kauri, zirin ferait ne ko dattin alumina daga narki. Ƙananan tsagogi a fata kawai, ciki lafiya, fatar da iska ta cinye ce ba a gurje ba.

In ka bi komai daidai kuma gautsin bai tafi ba, sai a taɓa haɗin a narki na gaba. A na ferait, sauke alminiyam ƙasa da kashi 7, ka sa taitaniyam kamar kashi 0.1 ya ɗaure kabon ya rage girman ƙwaya. A na ostenait, kuromiyam kashi 2 zuwa 5 yana danne kaffa. Akwai kuma hanyar da masu bincike na jami'ar POSTECH ta Koriya ta Kudu suka wallafa a 2015: sun sa nikel kusan kashi 5 a ƙarfe mai alminiyam kashi 10, suka gasa bayan murzar sanyi yadda B2 ya fito ƙanana a warwatse, ya zama ƙarfi maimakon gautsi. Hanya ce mai kyau, amma sai wanda ya riga ya san hannun tanderunsa.

Mataki na 10: Siffanta kayan

Layin lanƙwasa ya gicciye hanyar murza. Ɓangaren da almakashi ya bar kaifi ya kasance ta cikin gwiwa. Sa giris, danna a hankali, ba da bugu ba. Alminiyam yana rage tsaurin ƙarfe da kusan kashi 2 a kowane kashi 1, saboda haka wannan falle yana komawa baya bayan an sake shi fiye da baƙin ƙarfe. Gwada da guntu, auna kusurwar da ta rage, ka wuce da wannan adadin. Rami kuwa a huda shi da diril, ko a goge bakinsa bayan fanci, kafin a buɗa shi.

In ana son ƙarin ƙarfi a nau'in ostenait, bayan an gama siffantawa ake nema, ba kafin ba. Gasa kayan a digiri 500 zuwa 550 na awa 1 zuwa 4, kaffa zai fito ƙanana a cikin ƙwayoyi, tauri ya hau, danƙo ya ragu. Kada zafin ya kai 600, kada kuma a bar shi ya kwana. Walda ma tana mayar da gefen ɗinki cikin zafin kaffa, don haka a yi ta da argon, gajere-gajere, ana barin wurin ya huce tsakani, kuma duk lanƙwasar da ke kusa da ɗinki a gama ta kafin a kunna injin walda.